Baƙin sama ne suka zo, ko dannau ne?

Wani ƙanena ɗan unguwar Birni, mai shirin zana jarrabawar bak, ta kammala sakandare, a bana, ya aiko mini da tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Likita, ina yawan ganin bidiyo a TikTok da YouTube na Amurkawa masu cewa wasu halittu daga sararin samaniya sun ɗauke su da dare, sun kai su cikin jirgi, sun yi musu gwaje-gwaje, sun maido su. Da can dariya nake yi. To makon jiya na farka gab da asuba na kasa motsa ko yatsa. Na ga wani abu dogo tsaye a bakin ƙofa, ga haske, ga wata ƙara a kunnena, na ji kamar ana ɗaga ni daga kan tabarma. Abokaina na fada sun ce su ne suka zo. Kakata ta ce mutanen ɓoye ne. Abin nan gaskiya ne ko mafarki?"

Ƙanena, sannu da firgita. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan mu warware ta. Har yau babu mutum ko ɗaya da aka tabbatar da hujja cewa halittun wata duniya sun ɗauke shi. Amma yawancin masu ba da labarin ba maƙaryata ba ne, hankalinsu kuma lafiya lau, kuma abin da ya same su ya wuce a ce masa mafarki a wuce wurin. Abin da ka kwatanta mini, tun daga sandarewar jiki har zuwa ɗagawar, yana da suna a Hausa tun kafin a ƙera jirgin sama: dannau. Na daɗe ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Damagaram, da wuya wata ya fito ya faɗi ban saurari irin wannan labari ba. Abin da na ga ya fara canzawa tun da wayoyi suka cika hannun yara shi ne fuskar wanda ke tsaye a bakin ƙofar.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga isha'i zuwa asuba. Zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. A ƙarshen kowane zagaye akwai wani mataki da aka gano a 1953 a Amurka, inda ƙwayar ido ke ta kai-komo a ƙarƙashin fatarta. Ka tsaya kan ƙaramin yaro yana barci, za ka gani da idonka. A nan ake yin mafi yawan mafarkai masu hoto da labari. Wani likita Bafaranshe a birnin Liyon, Michel Jouvet, ya yi shekaru yana nazarin barcin kyanwoyi, ya ga a wannan mataki ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai ido biyu, alhali naman jiki ya saki gaba ɗaya kamar an zare masa laka. Shi ya sa ya raɗa masa suna barci mai saɓani. Gindin ƙwaƙwalwa ne, can wajen ƙeya, ke aika saƙo ta lakar baya cewa a ɗaure hannu da ƙafa. Rahama ce babba. Ba don wannan dabaibayi ba, duk wanda ya yi mafarkin kare ya biyo shi sai ya zabura ya ci karo da bango, mai kwana kan soro da bazara kuma sai dai a tsince shi a ƙasa. Da Jouvet ya lalata ɗan wurin nan a ƙwaƙwalwar kyanwa, sai ga ta cikin barci tana miƙewa tana farautar ɓeran da babu shi.

Dannau yana faruwa ne ranar da aka samu saɓanin lokaci. Hankalinka ya dawo, ido ya buɗe, kana ganin ɗakinka na gaske, ga sangen da ka ɗaura, ga hasken da ke shigowa ta taga, amma ba a kwance dabaibayin ba tukuna, injin mafarki kuma bai gama tsayawa ba. Sai mafarkin ya malalo cikin ɗakin. Shi ya sa mai dannau zai rantse da Allah idonsa biyu, kuma ba zai yi kaffara ba. Mafarki na yau da kullum, kafin ka gama alwala rabinsa ya gudu. Wannan kuwa zama yake daram a zuciya, kamar abin da ya faru gabanka a kasuwar Dole da rana tsaka.

Wani masani a jami'ar Waterloo ta Kanada, Allan Cheyne, ya tattara bayanan dubban masu dannau, ya ga abin da suke ji ya kasu uku. Akwai jin cewa wani na cikin ɗakin, kuma ba da alheri ya zo ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai gadin haɗari a kunne yake sosai lokacin barcin mafarki. Ka farka a ɗaure cikin duhu, sai ya kwarma ihu, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta yarda da tsoro marar dalili, dole ta nemo mai laifi. Nan take rigar da ka rataya a ƙusa ta zama ƙato. Akwai kuma danniyar ƙirji, wadda ta ba abin sunansa a wurinmu. A wannan mataki naman da ke tsakanin haƙarƙari shi ma a sake yake, tantanin da ke ƙarƙashin huhu ne ke ɗauke da aikin numfashi, sama-sama. Kai kuma a tsorace kana son jan dogon numfashi, ƙirji ya ƙi amsawa, sai ka ji kamar an aza maka buhun gero. Iska tana shiga daidai buƙata, ba za ka shaƙe ba, amma wa zai gaya maka haka a lokacin? Na ukun shi ya fi rikita mutane: jin ana ɗaga ka, kana shawagi, kana juyawa, wani har ya hango gangar jikinsa kwance daga sama. Ma'aunin daidaito da ke cikin kunne yana cewa ana motsi, gaɓoɓi sun yi shiru ba su tabbatar ba, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa an tashi sama. Sau da yawa akwai ƙara kamar ta injin niƙa ko taron zuma, da walƙiyar haske.

To koma ka sake kallon bidiyon nan da wannan ido. Mutum na kwance da dare, ya farka, ya kasa motsi. Haske ya cika ɗaki, ƙara na tashi. Wasu siffofi sun tsaya a gefen gado. An ɗaga shi ya ratsa taga ko rufi. Ana taɓa jikinsa ba shi da ikon hanawa. Ya farfaɗo a gadonsa, matarsa na gefe tana ta minshari ba ta ji komai ba. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Kuma abin ba baƙo ba ne. A 2011 wasu masana biyu, Sharpless da Barber, sun haɗa sakamakon bincike 35 da ya shafi mutum sama da 36,000, suka ga kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa yin dannau, a cikin ɗalibai kuwa kashi 28 ne. In aka bi wannan lissafi, a aji mai ɗalibi 60 akwai wajen 17 da suka san abin da kake faɗa. Shiru kawai suke yi.

Kowace al'umma ta ba shi suna, ta ɗinka masa rigarta. Larabawa na cewa jasum ko kabus. A Japan kanashibari ne, wato ɗaurin ƙarfe. A Sin cewa suke fatalwa ta danne gado. Masuntan gabashin Kanada suna ganin wata tsohuwa ce ke hawa ƙirjinsu. A tsibirin Pemba na Zanzibar, a 1995, tsoron wani dodo mai fukafukin jemage da suke kira Popobawa ya sa mutane barin ɗakuna suna kwana waje a gungu. Jiki ɗaya ne, abin da ake ji ɗaya ne, amma ƙwaƙwalwa ba ta zana fuskar da ba ta taɓa gani ko jin labarinta ba. Manomin Tanut da bai taɓa kallon fim ba, ban taɓa jin ya ce ya ga gajeren mutum mai launin toka da ƙaton kai da manyan baƙaƙen idanu ba. Baƙin kare zai ce maka, ko doguwar mace mai farin mayafi, ko wani maƙwabci da dama ba sa ga maciji.

Ita wannan fuska mai launin toka tana da tarihi, kuma ba tsoho ba ne. Maganar faranti mai tashi ta samo asali ne a watan Yunin 1947, da wani matuƙin ƙaramin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama a jihar Washinton, 'yan jarida suka raɗa musu suna. Labarin ɗauke mutane kuwa, wanda ya zama uwa ga sauran, na wasu mata da miji ne, Betty da Barney Hill. Shi baƙar fata ne ma'aikacin gidan waya, ita farar fata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Daren 19 ga Satumban 1961 suna dawowa daga Kanada cikin motarsu, a gajiye, ta wata hanyar duwatsu a jihar New Hampshire, suka ga wani haske kamar yana bin su. Suka tsorata, suka iso gida da asuba. Iyakar abin da suka sani ke nan a lokacin: haske, da tsoro, da wani abu da Barney ya ce ya hango da madubin hangen nesa.

Ka lura da yadda labarin ya yi ta girma. Bayan kamar kwana goma Betty ta shiga yin mafarkai dare biyar a jere, cewa an tare su an shigar da su jirgi an soka mata allura a cibiya. Ta rubuta mafarkan, ta riƙa ba da labarinsu, mijin na ji. Sai bayan makonni, suna hira da masu bin diddigin irin waɗannan labarai, aka lissafa aka ce ai tafiyar ta ɗara yadda ya kamata da wajen awa biyu, ina awa biyun suka shiga? A ƙarshen 1963, fiye da shekara biyu da faruwar abin, suka je wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Boston, Benjamin Simon, a 1964 ya yi musu ipnoz, wato ya lallaɓa su da magana har suka shiga wani hali tsakanin barci da farke, yana yi musu tambayoyi. A nan ne cikakken labarin sacewa ya fito. Abin da masu bidiyo ba sa gaya maka shi ne hukuncin da shi likitan ya yanke: ya ce bai yarda an ɗauke su ba, mafarkan Betty ne suka zama tunani a wurinta, suka kuma tsallaka zuwa ga mijinta. A mafarkan nata na farko ma, halittun suna da baƙin gashi da dogon hanci. Idanun nan masu zagayowa har gefen kai, Barney ne ya kwatanta su a zaman ipnoz, kwana 12 bayan wani shirin talabijin ya nuna halitta mai irin waɗannan idanu. Aka buga labarinsu a littafi a 1966, aka yi fim ɗinsa aka nuna a watan Oktoban 1975. Mako biyu bayan nuna fim ɗin, wani mai saran itace a Arizona, Travis Walton, ya ɓace kwana biyar ya dawo da nasa labarin. Daga nan abu ya zama ruwan dare.

Mutane na ɗauka tunani kamar bidiyon waya ne, a ajiye yake, in aka danna sai ya fito yadda aka ɗauka. Ba haka Allah ya yi mu ba. Duk lokacin da ka tuno abu, sake gina shi kake yi, kamar yadda ake yi wa katangar ƙasa yaɓe kowace shekara. Bayan shekara goma katangar na nan, amma ƙasar da ke jikinta ba ta ranar farko ba ce. A 1995 wata masaniya Ba'amurkiya, Elizabeth Loftus, ta ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na ƙuruciyarsu. Uku gaskiya ne da aka samo daga danginsu, ɗaya ƙirƙira ce: wai sun taɓa ɓata a wani babban kanti suna 'yan shekara biyar. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayanin da babu wanda ya ba su. Wannan fa ba tare da ipnoz ba. In aka haɗa da ipnoz abin ya fi muni, domin ba ya ƙara wa tunani gaskiya, tabbaci kawai yake ƙara wa mai shi. Tun 1977 wani malami a Kalifoniya, Alvin Lawson, ya sa aka yi wa mutanen da ba su taɓa cewa an ɗauke su ba ipnoz, aka ce su ƙaddara an shigar da su jirgin baƙi. Labaran da suka bayar sun yi kama ƙwarai da na masu cewa da gaske aka ɗauke su.

Wataƙila ka ci karo da masu cewa Amurkawa kusan miliyan 4 aka taɓa ɗauka. Adadin ya fito ne daga wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1991, da aka tambayi mutum kusan 6,000. Ba a tambayi kowa ko an taɓa ɗauke shi ba. Tambayoyi biyar aka ware a matsayin alamu, ɗaya daga ciki ita ce ko ka taɓa farkawa jikinka a sandare kana jin akwai wani a ɗaki. Mutum 119 suka amsa e ga huɗu daga cikin biyar, sai aka ninka da yawan jama'ar ƙasar. Da an kawo takardar nan Zango da Garin Malam, da mu ma mun samu namu dubban.

Ban faɗi wannan don a yi musu dariya ba, kuma ba na son ka koma fada ka mai da su abin ba'a. Wasu masana a jami'ar Harvard, Richard McNally da Susan Clancy, sun zauna da irin waɗannan mutane a farkon shekarun 2000. Suka ɗaura wa mutum 10 na'urori, aka kunna musu labarinsu suna saurare. Zuciya ta riƙa bugawa, gumi na tsattsafowa, daidai da yadda ake gani a jikin sojan da ya dawo daga yaƙi da firgici. Maƙaryaci ba ya iya umartar fatarsa ta yi gumi haka. Amma gumin shaida ne cewa mutum ya yarda da abin har zuciyarsa, bai zama shaida cewa abin ya auku ba. Da aka bi tarihinsu, mafi yawansu da dannau suka fara, suka rasa mai yi musu bayani, suka faɗa hannun masu ipnoz. A jami'ar nan dai akwai wani babban likitan ƙwaƙwalwa, John Mack, wanda shi ya karkata ga cewa akwai wani abu na gaske a labaran, har jami'ar ta kafa kwamiti ya binciki yadda yake aikinsa. Mutum ne mai ilimi da tausayi. A ganina inda ya zame shi ne, da ya ga mutanen ba mahaukata ba ne kuma ba maƙaryata ba, sai ya ɗauka ba sauran wata hanya sai gaskata labarin.

Gaskiya ne ba kowane labari ne ya faru a kan gado ba. Wasu a mota ne, kuma duk direban da ya taɓa yin daren hanyar Tanut zuwa Agadas ya san yadda ake yi: hanya miƙaƙƙiya, duhu, ƙarar inji iri ɗaya, sai ka farga ka wuce wani ƙauye ba ka san lokacin da ka wuce shi ba, ko ka taka birki saboda raƙumin da babu shi. Gyangyaɗin 'yan daƙiƙoƙi ne ido a buɗe. Tauraruwar Zara kuma in ta yi ƙasa-ƙasa tana haske, mai tafiya a mota zai rantse bin sa take yi. A nahiyarmu labarin da aka fi yaɗawa shi ne na wata makarantar firamare a Ruwa ta Zimbabuwe, ranar 16 ga Satumban 1994, inda yara wajen 60 suka ce sun ga wani abu ya sauka a bayan filin wasa. Ba wanda aka ɗauka, babu babba ko ɗaya da ya gani, kwana biyu kafin nan an ga wata wuta ta ratsa sararin yankin har ƙasar ta ɗauka da zancen, kuma an yi wa yaran tambayoyi a gaban juna. Shi Mack sai bayan wata biyu ya iso.

Batun ko akwai rai a wata duniya tambaya ce daban, mai daraja, masana na kan nema. An gano duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari. Matsalar ita ce nisa. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haskensa kan yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kamar daga nan zuwa Mirya kafin ka ƙifta ido, amma zai buƙaci fiye da shekara 70,000 ya ci wannan tazara. Sojan saman Amurka sun tattara rahoto 12,618 na baƙin abubuwa a sama kafin su rufe shirin binciken a 1969. 701 ne ba a gano ko mene ne ba, kuma rashin ganowa bai zama ganin baƙi ba. Ofishin da ma'aikatar tsaronsu ta kafa kan batun ya fitar da rahoto a watan Maris na 2024, ya ce bai samu hujjar wata fasaha daga wajen duniya ba. Ni abin da ya fi gamsar da ni ma ba rahoton gwamnati ba ne. Yau ɗan kabu-kabu ya zame a kwana, kafin ya karkaɗe wandonsa bidiyon ya zagaye WhatsApp. Fiye da shekara 60 ana cewa ana ɗauke mutane, ba wanda ya dawo da ko ƙusa ɗaya daga cikin jirgin.

Saura maganar kakarka, kuma a nan nake so ka natsu. Ni Musulmi ne, samuwar aljanu na cikin Alƙur'ani, ba ni da ja a kai. Amma yarda da samuwarsu bai wajabta mini jingina musu duk abin da ya faru da dare ba, kamar yadda ba na jingina musu zazzaɓin cizon sauro. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na baƙin ciki daga Shaiɗan, da wanda mutum ke zantawa da ransa. Wanda ya kwana yana kallon bidiyon halittu masu manyan idanu har waya ta faɗo masa a fuska, ai bai buƙatar a gaya masa wane kashi ya fi kusa da shi. Likitocin Musulunci na da ma ba su tsaya kan aljani ba. Tun ƙarni na 10 wani likitan Bukhara, Akhawaini, ya rubuta babi a kan kabus cikin cututtuka, ya ce tururi ne ke tasowa daga ciki zuwa kai. Dalilin nasa bai tsaya ba a yau, amma ya nemi dalilin a jiki. Akwai kuma binciken da Baland Jalal da abokan aikinsa suka yi, suka kwatanta Masar da Danmak. A Masar kusan rabin mutanen da aka tambaya sun ce aljani ne, kuma mutanen Masar ɗin ne suka fi yawan samun dannau, suka fi jin tsoron mutuwa a cikinsa. Tsoro na hana barci, rashin barci na kawo dannau, dannau na ƙara tsoro.

Abin da Amurkawa ke yi da ipnoz, mu ma muna da irinsa, kuma namu ya fi cutarwa. An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara 15 daga wani ƙauye a kudancin nan. Dannau ya dame ta dare uku a jere, lokacin ana shirin yi mata auren da ba ta so. Ranar farko abin da ta ce shi ne ta ga inuwa. Aka taru a kanta, iyaye da gwaggwanni, ana hayaƙi ana tambaya. Mace ce ko namiji? Tsohuwa ce? Tana da tsagar kaza? Ba wance ba ce? Yarinya a gajiye, a tsorace, kowa ya zuba mata ido. Kafin kwana uku inuwa ta samu suna: wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai sai da daddawa. Aka ce ta kama kurwar yarinya, aka fito da ita gaban jama'a aka sa ta tsallaka ta. Da na keɓe da yarinyar na ce ta gaya mini abin da ta gani daren farko, ba abin da aka ce ta gani ba, ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Wallahi yanzu fuskarta nake gani, amma da farko ba fuska." Ba ƙarya ta yi wa kowa ba. Tambayoyin ne suka zana fuskar. Ita ta warke cikin makonni da aka gyara mata barci aka ɗage maganar auren. Tsohuwar kuwa, an ce mini ba wanda ya ƙara sayen daddawarta.

Kai kuma me ya jawo maka? Ban gan ka ba, amma zan iya cankar rabin amsar. Kana karatun bak har ƙarfe biyu. Kana zaman fada ana zuba shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Zafin bazara ya hana barcin kirki, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai juyi. Wataƙila kai ake tasa da tsakar dare a tari ruwa in famfo ya kawo, ka koma ka kwanta. Barcin da aka yanka aka sake ɗaurawa gab da asuba, lokacin da barcin mafarki ya fi tsawo, shi ne gonar dannau. Haka nake ganin ƙaruwarsa da azumi, bayan an yi sahur an koma. Sai kwanciyar rigingine, wadda aka daɗe da sanin tana jawo shi. Ka kwanta ta gefen dama yadda sunna ta koyar, ka yi addu'o'inka, ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka nemi awa bakwai zuwa takwas, ka bar shayi mai ƙarfi bayan magariba, ka ajiye waya nesa da tabarma. In akwai mai ba ka tramol wai don ka jure karatu, ka rabu da shi. Yana lalata barci, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

In ya sake zuwa, kada ka yi kokawa da shi, kokawar ce ke ƙara nauyin ƙirji. Ka ce a ranka, dannau ne, yanzu zai wuce, domin daga 'yan daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Ka bar numfashi ya tafi da kansa, ka karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ka tattara hankalinka kan babban yatsan ƙafa ko na hannu kana ƙoƙarin motsa shi. In kuna kwana da wani, ka gaya masa in ya ji kana gurnani ya taɓa ka, taɓawa ɗaya ta isa ta kwance shi. Da ya sake ka, ka tashi zaune, ka nemi tsari, ka sha ruwa, ka juya ɗaya gefen. Kuma ka rage ba da labarin a fada, kowane maimaici yaɓe ne.

Akwai inda nake so ka zo asibiti ba tare da jinkiri ba. In abin ya zama kusan kowane mako har kana tsoron kwanciya. In barci na sace ka da rana tsaka ba shiri, a aji ko kan babur, ko gwiwoyinka na saki in ka yi dariya mai ƙarfi. In kana jin muryoyi ko ganin siffofi da rana, kana tsaye da ƙafafunka. Ko kuma in mutane na ce maka kakan yi zuru na minti ɗaya ko biyu kana tanɗar baki, ana kira ba ka amsawa, bayan ka ji wani baƙon wari ko wani abu ya taso maka daga ciki, ka dawo ba ka san an yi ba. Wannan na ƙarshen wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, yana kuma da magani. In za ka zo, ka taho da wanda ya taɓa ganin ka cikin halin, don shi zai faɗi abin da kai ba ka gani ba.